Sanin Cuta Kafin Magani: Tarihin Awon Jini da Yaƙi da Annoba

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa jinyar mai zazzaɓi ya san tambayar farko da 'yan dubiya kan yi da zarar sun gama sannu, wato “Me aka ce yana damunsa?” Amsar da muka fi bayarwa ita ce maleriya, in kuwa ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai mu ce maleriya ce da taifot. Sau da yawa babu wanda ya auna. An dai taɓa goshi an ji zafi, an aiki yaro kemis, an sha magani. Galibi akan dace, mai ciwo ya miƙe. To amma akwai ranar da zazzaɓin ba maleriya ba ne, kuma a irin wannan rana ce annoba kan sami ƙofar shiga gari.

A wannan maƙala za mu bi tarihin yadda ɗan Adam ya koyi gane cuta ta hanyar awo, mu tsaya a kan annoba uku da suka taɓa ƙasarmu: zazzaɓin Lassa a 1969, Ebola a 2014, da korona a 2020. Abin da muke so mai karatu ya lura da shi abu ɗaya ne. Ɓarnar annoba tana da nasaba da yawan kwanakin da ta yi tana yawo ba a san sunanta ba, yawan kwanakin nan kuwa ya danganta da nisan tafiyar da jinin majiyyaci zai yi kafin ya isa hannun mai awo.

Zamanin da Ido ne Ma'auni

Kakanninmu ba su rasa hanyar gane cuta ba. Agana ba ta ɓoyuwa, domin ƙurajenta a fuska suke, ko yaro ya gan su ya san su. Wannan ne ma ya taimaka aka kawar da ita daga doron ƙasa, domin ma'aikata kan shiga ƙauye da hoton mai agana suna tambaya ko an ga mai irin wannan, in an same shi a yi wa duk na kewaye da shi lamba. Mutum na ƙarshe da ya kamu da ita ta hanyar yaɗuwa tsakanin jama'a an same shi a garin Marka na Somaliya a 1977, a 1980 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar cewa agana ta ƙare. Sai dai cututtuka kaɗan ne ke rubuta sunansu a fatar mutum kamar haka. Mafi yawansu da riga ɗaya suke zuwa: zazzaɓi, ciwon kai, kasala, amai.

Ranar 6 ga Nuwamba, 1880, wani likitan sojan Faransa mai suna Alphonse Laveran, a asibitin soja na Kustantina a Aljeriya, ya ɗiga jinin wani soja mai zazzaɓi a kan gilashi, ya leƙa ta madubin likita, sai ya ga wasu ƙananan halittu suna motsi a cikin jinin. Kafin wannan rana Turawa sun ɗauka iskar fadama ce ke kawo maleriya. A 1882 Robert Koch ya nuna wa likitocin Balin ƙwayar tarin fuka, a 1896 kuma Fernand Widal na Faransa ya fito da awon taifot, wanda har yau ake kiransa da sunansa a ɗakunan gwajinmu. Daga nan ciwo ya tashi daga abin da ake zato ya koma abin da ake iya nunawa.

Amma madubin likita na wancan zamani yana da iyaka, kuma murar 1918, wadda dattawanmu suka kira marisuwa, ita ta tona wannan iyaka. Ta sauka Firitawun ta jirgin ruwa a watan Agusta, ta shiga Ikko a Satumba, ta biyo layin dogo da hanyoyin fatauci zuwa Arewa. Masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe kimanin mutum 500,000 a Nijeriya cikin 'yan watanni, a duniya kuwa ana maganar miliyan 50. Likitocin lokacin sun ɗora laifin a kan wata bakteriya da Richard Pfeiffer ya gano a 1892, har aka yi ta haɗa allurar rigakafi a kanta, alhali ba ita ce mai laifin ba. Mai laifin bairas ce, irin ƙwayar da ta fi ƙarfin madubin likita saboda ƙanƙanta. Ba a kama bairas ɗin mura a jikin mutum ba sai a 1933 a Landan, shekara 15 bayan an gama binne mutane.

Lassa: Jinin da Ya Ƙetare Teku

Lassa ƙaramin gari ne a ƙasar Margi, a Ƙaramar Hukumar Askira/Uba ta Jihar Barno ta yau. A Janairun 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, wata dattijuwar nas Ba'amurkiya mai suna Laura Wine, wadda ke aiki a asibitin mishan na garin, ta kwanta da ciwon baya da zazzaɓi. Aka ba ta maganin maleriya, bai yi ba. Aka ba ta fenisilin, shiru. Maƙogwaronta ya yi gyambo, jikinta ya fara fitar da tabon jini a ƙarƙashin fata. Da abin ya gagara sai aka ɗauke ta a ƙaramin jirgin sama zuwa asibitin mishan na Bingham a Jos, inda ta rasu kwana ɗaya bayan isarta.

Nas ɗin da ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, tana da ɗan yanka a yatsa lokacin da take goge mata baki. Bayan kamar mako guda ita ma ta kwanta, aka ce maleriya ce, a watan Fabrairu ta rasu. Likitar asibitin, Jeanette Troup, ta buɗe gawar don ta ga abin da ya faru, babbar nas Lily Pinneo ta taimaka mata. Ba a jima ba Pinneo ta kamu. A nan ne fa hankali ya tashi, domin a duk faɗin ƙasar babu inda za a kai wannan jini a ce ga abin da ke cikinsa. Sai aka ɗauki Pinneo zuwa Ikko, daga can a farkon Maris aka sa ta a jirgi zuwa Niyok, tare da kwalaben jininta da na matattun biyu cikin ƙanƙara.

Jinin ya ƙare a ɗakin binciken bairas na Jami'ar Yel, hannun Jordi Casals da Sonja Buckley da Wilbur Downs. Suka gwada shi da duk ƙwayoyin cutar da suke da su a ajiye, bai yi daidai da ko ɗaya ba. Sabuwar cuta ce, aka sa mata sunan garin da majiyyaciyar farko ta fito. Aikin bai tafi salin alin ba. A watan Yuni Casals da kansa ya kamu, ya kai gargara, sai da aka ɗebi ruwan jinin Pinneo, wadda ta warke bayan makonni tana kwance, aka ƙara masa, sannan ya tashi. A ƙarshen shekarar wani ma'aikacin ɗakin gwajin, Juan Roman, ya kamu ya mutu. Jami'ar ta dakatar da aiki da ƙwayar mai rai, aka mayar da shi Atlanta inda ake da ɗaki mai tsaro. A farkon 1970 cutar ta sake ɓulla a wani asibitin mishan a Jos, fiye da mutum 20 suka kamu, fiye da 10 suka rasu. Cikinsu har da Dakta Troup, wadda ta yanke hannu tana binciken gawa. Sai a 1972, a wata ɓarkewar a Saliyo, aka kama mai ɗauke da cutar: wani ɓera mai yawan nonuwa da ke shiga gidaje da rumbuna, yana barin fitsari da kashi a kan abinci.

Akwai tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu. Shin a 1969 aka halicci wannan cuta? Ko kusa. Binciken tsarin halittar ƙwayar da aka buga a 2015 ya nuna ta haura shekara 1,000 a yankin da ake kira Nijeriya yau. Ke nan tun kaka da kakanni tana kashe manoma da masu jego, ana cewa zazzaɓi ne, ko mayu, ko iska. Abin da ya bambanta Janairun 1969 shi ne, a wannan karon ta kama waɗanda ake iya sa jininsu a jirgin sama. Cutar da ba a auna ba, ba ta shiga lissafi, mamacinta ma ba ya shiga.

Bayan an san sunan ma, kusan shekara 40 aka yi jinin wanda ake zargi da Lassa yana yawan tafiya ƙasashen waje, sakamako ya dawo bayan an yi sadakar bakwai. Wannan jinkiri ba ƙaramin abu ba ne, domin maganin da likitoci suka daɗe suna bayarwa, ribabirin, an fi sa rai da shi in an fara cikin kwana shida na farko. A 2008 aka buɗe ɗakin awon Lassa a Asibitin Ƙwararru na Irrua a Jihar Edo, da haɗin gwiwar Cibiyar Bernhard Nocht ta Hambug. Tun daga nan adadin masu cutar da ake tabbatarwa ya riƙa hawa, har ya haura 600 a 2018. Wani ɓangare na wannan hawa, buɗewar ido ce.

Injin Gurza na Ƙwayar Cuta

Kafin mu wuce, ya kamata mu faɗi abin da ke cikin irin wannan ɗaki. Matsalar bairas ita ce ƙanƙanta da ƙaranci a cikin ɗigon jini. A 1983 wani masanin sinadarai a Kalifoniya, Kary Mullis, ya fito da dabarar da ake kira PCR, wadda ta ba shi kyautar Nobel a 1993. Mu da muka yi zamani da injin gurza takardun jarrabawa ba za mu sha wuyar fahimtarta ba. Ana ɗaukar wani ɗan guntu na rubutun halittar ƙwayar, wanda babu mai irinsa sai ita, a sa a inji ana ɗumamawa ana hucewa. Kowane zagaye guda ya zama biyu, biyu su zama huɗu. A zagaye na 30 kwafi ya kai biliyan ɗaya, abin da ba a gani ya zama abin gani, duk cikin 'yan sa'o'i. Sharaɗin dai shi ne a san rubutun ƙwayar da ake nema, a sami sinadarai, da wutar lantarki, da ƙwararren ma'aikaci. In ɗaya ya ɓace, inji ya zama kayan ado.

Ebola: Wata Uku a Gini, Kwana Uku a Ikko

A Disambar 2013 wani ƙaramin yaro ya rasu a ƙauyen Meliandou, kusa da garin Gekedu a kudancin Gini, bayan zazzaɓi da amai da baƙin zawo. 'Yar'uwarsa da mahaifiyarsa da kakarsa suka bi shi. Ungozoma da ma'aikatan asibiti suka kamu, waɗanda suka zo jana'iza suka koma garuruwansu da ita. An san Ebola tun 1976, lokacin da ta ɓulla a Zayar da kudancin Sudan, amma kowa ya ɗauka cutar tsakiyar Afirka ce, likitocin Gini ba su taɓa ganinta ba. Jami'an da suka fara zuwa bincike a Janairu sun ce kwalara ce, daga baya aka yi zaton Lassa. Sai a watan Maris aka tura jini Faransa, masanan Cibiyar Pasto a birnin Liyon suka ce Ebola ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar ranar 23 ga Maris, 2014. Wata uku ke nan. Kafin lokacin cutar ta isa Konakiri, babban birni, tana kuma ƙetara iyakar Laberiya da Saliyo, waɗanda ke dab da Gekedu. Kafin ta lafa a 2016 ta kama fiye da mutum 28,600, ta kashe fiye da 11,300.

Yanzu mu dubi Ikko. Ranar 20 ga Yuli, 2014, Patrick Sawyer, jami'in gwamnatin Laberiya da ke kan hanyar zuwa taro a Kalaba, ya yanke jiki ya faɗi a filin jirgin sama. Aka kai shi wani asibitin kuɗi a Obalende, aka fara yi masa maganin maleriya kamar yadda aka saba. Da Dakta Ameyo Stella Adadevoh ta duba shi sai ta ƙi yarda. Ya musanta cewa ya kusanci mai Ebola, ya nemi a sallame shi, aka matsa wa asibitin lamba, ita kuwa ta tsaya kai da fata ba zai fita ba. Aka kai jininsa ɗakin binciken bairas na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, wurin Farfesa Sunday Omilabu, tafiyar mota a cikin gari ɗaya. Cikin kwana uku aka sami amsa, ɗakin gwajin Farfesa Christian Happi na Jami'ar Redeemer's ya ƙara tabbatarwa. Sawyer ya mutu ranar 25 ga wata.

Sakamakon awo shi ya ba da damar abin da ya biyo baya. Aka ari tsarin da aka gina don yaƙi da shan inna, aka kafa cibiyar gaggawa ƙarƙashin Dakta Faisal Shuaib, aka bi sawun mutum 894 da suka yi hulɗa da masu cutar a Ikko da Fatakwal, ana zuwa gidajensu ana auna zafin jikinsu har kwana 21. An yi irin wannan ziyara kimanin 18,500. Duk wanda ya nuna alama a ɗebi jininsa a killace shi. A ƙarshe mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ciki har da Dakta Adadevoh, ranar 19 ga Agusta. Ranar 20 ga Oktoba aka bayyana cewa Nijeriya ta rabu da Ebola. Ƙwayar ɗaya ce da ta Gini, Ikko kuwa ta fi duk garuruwan can cunkoso nesa ba kusa ba. Abin da ya raba su shi ne likitar da ta yi shakka, da ɗakin awo a kusa, da mutanen da za su yi aiki da sakamakon.

Korona: Daga Sol Zuwa Kano

Ba a taɓa gane sabuwar cuta da sauri irin na korona ba. Ranar 31 ga Disamba, 2019 aka ji labarin wani ciwon huhu a birnin Wuhan na ƙasar Sin. Ranar 11 ga Janairu, 2020 masana suka sa cikakken rubutun halittar ƙwayar a intanet, ranar 13 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa hanyar awon da ayarin Christian Drosten na asibitin Charité a Balin ya tsara. Abin da ya ci shekara 15 a zamanin marisuwa ya ci mako biyu. Amma ƙirƙiro awo daban, kai shi ga jama'a daban.

Koriya ta Kudu da Amurka kusan rana ɗaya suka tabbatar da majiyyacinsu na farko, wajen 20 ga Janairu. Koriya tana da tabo, domin a 2015 cutar MERS ta kama mutum 186 a can ta kashe 38, yawanci a asibitoci, saboda an makara wajen ganewa. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ranar 27 ga Janairu, masu cutar ba su wuce huɗu ba a ƙasar, jami'an lafiya suka tara kamfanonin haɗa kayan awo a wani ɗaki a tashar jirgin ƙasa ta Sol, suka ce kowa ya je ya haɗo, za a ba da izini cikin gaggawa. Ranar 4 ga Fabrairu aka amince da na farko. Kafin ƙarshen watan ana auna mutane suna zaune a cikin motocinsu. A Amurka kuwa, kayan awon da hukumar daƙile cututtuka ta ƙasar ta rarraba wa jihohi a farkon Fabrairu sun zo da tangarɗa, ƙa'ida kuma ta ɗaure hannun sauran ɗakunan gwaji har zuwa 29 ga wata. A tsakiyar Maris Koriya ta auna fiye da mutum 250,000, Amurka mai yawan jama'a ninki shida ba ta kai ko rabin haka ba. Fabrairun da aka yi asara ita ce cutar ta yi amfani da ita ta bazu a Niyok. Ranar 16 ga Maris shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Tedros Ghebreyesus, ya gargaɗi ƙasashe cewa ba a kashe gobara da ido a ɗaure, su yi ta awo.

A farkon Fabrairun nan, ɗakunan gwaji biyu kacal ke iya awon korona a Afirka kudu da Sahara, ɗaya a Dakar, ɗaya a Afirka ta Kudu. Nijeriya ta yi hanzarin shirya 'yan kaɗan, shi ya sa da wani ɗan Italiya ya kwanta, ɗakin nan na Ikko da ya kama Ebola ya tabbatar da shi ranar 27 ga Fabrairu. Amma Ikko ba ita ce Nijeriya ba.

Ba mu manta Afrilun 2020 a Kano ba. Makarantu a rufe, zafi ya tsananta, azumi ya kawo jiki. An tabbatar da mai korona na farko a jihar ranar 11 ga wata. Ba a yi mako biyu ba masu haƙar kabari suka fara cewa aiki ya yi musu yawa, kullum sai an ji rasuwar wani dattijo, malami ko ɗan kasuwa ko tsohon ma'aikaci. A daidai wannan lokaci ɗakin awo guda ɗaya da ake da shi a birnin ya dakatar da aiki na wasu kwanaki. Asibitoci da dama sun rage karɓar marasa lafiya don tsoro, masu hawan jini da ciwon suga suka rasa inda za su. Mu kuma bisa al'ada da addini ba ma jinkirta jana'iza, saboda haka aka binne kusan kowa ba a ɗauki samfur ba. Ranar 27 ga wata Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin kulle jihar.

Daga baya aka bi gida gida ana tambayar iyalai irin alamun da mamatansu suka nuna. A watan Yuni Ministan Lafiya, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mace-mace 979 a ƙananan hukumomi takwas na birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya kasancewa korona ce sanadi. Kwamitin gwamnatin jiha ya fito da nasa rahoton, ya ce abin bai kai kashi 20 ba. Ga lissafi biyu a kan kaburbura ɗaya, kuma babu ranar da za a raba gardama, domin shaidar ta tafi ƙasa tare da masu ita. A cikin wannan duhu ne jita-jita ta yi kiwo, wasu na cewa babu cutar, wasu na cewa neman kuɗi ne. Rashin sani ya fi dare duhu. Kafin 2021 ta ƙare ɗakunan awon korona a ƙasar sun haura 100, amma ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wani darasi mai ɗaci a ƙarshen labarin. A Nuwambar 2021 masana a Botswana da Afirka ta Kudu suka gano sabon nau'in korona, Omikron, suka sanar da duniya ba tare da ɓoyewa ba. Ladan da suka samu shi ne ƙasashe da yawa suka rufe wa kudancin Afirka ƙofa, a Disamba Birtaniya ta haɗa har da Nijeriya na 'yan kwanaki, alhali nau'in ya riga ya shiga Turai. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Haka aka laƙaba wa Sifen murar 1918 don kawai jaridunta ne ke da 'yancin ba da labari lokacin yaƙi, haka garin Lassa ya wayi gari sunansa ya zama sunan ciwo. In mai awo da faɗin gaskiya shi ke shan horo, gobe wani zai auna ya yi shiru.

Kammalawa

Mu koma kan gadon mai zazzaɓi inda muka fara. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ba da maganin maleriya sai an auna. Awon ya sauƙaƙa: ɗan tsinken roba, ɗigon jini daga yatsa, minti 15 zuwa 20. Da Senigal ta fara amfani da shi a 2007, yawan masu zazzaɓin da ake bai wa maganin maleriya ya ragu da fiye da rabi cikin shekara uku, wato da can ana ɗura wa jama'a maganin ciwon da ba su da shi. Awon Widal kuwa, mai shekara fiye da 120, yakan nuna taifot a jinin wanda ba ya da ita, musamman in sau ɗaya aka yi. Ke nan ba kowace takardar sakamako ce gaskiya ba, awo mara kyau ɗan'uwan rashin awo ne.

Duniya ta makara wajen ba awo muhimmanci. Hukumar Lafiya ta fitar da jerin magungunan da babu makawa sai da su tun 1977, amma jerin gwaje-gwaje irin wannan bai fito ba sai 2018. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2021 cewa kashi 47 cikin ɗari na mutanen duniya ba sa samun awon cuta, ko kuma abin da suke samu bai taka kara ya karya ba.

Laura Wine da maganin maleriya aka fara mata. Charlotte Shaw haka. Patrick Sawyer haka. Annoba ta gaba, ko mece ce ita, da wuya ta zo da wata riga dabam, kuma ba a Jeniba za ta fara ba, a wani ƙaramin asibitin karkara za ta fara, gaban wani malamin asibiti da zai ga ya ba da magani kwana uku zazzaɓi bai sauka ba. Abin da zai biyo baya ya rataya ga ko zai yi shakka, ko akwai kwalba da ƙanƙara da abin hawa, ko akwai ɗakin awo mai wuta da sinadarai a jihar, ko kuma 'yan'uwan majiyyaci za su yarda a ɗebi jinin. Na ƙarshen nan a hannunmu yake. Idan aka ce mana maleriya ce, ba rashin kunya ba ne mu tambaya: an auna? Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya kiyashe mu da annoba.